Rowan Gaither: Lauya Tsakanin Malamai, Sojoji da Attajirai

A shekarar 1899, bayan da Amurka ta ci Sifen da yaƙi ta karɓe Filifin da Fotoriko, ta kuma girke sojojinta a Kyuba, shugaban ƙasar na wannan zamani, William McKinley, ya bukaci mutumin da zai danƙa wa ma'aikatar yaƙi, sai ya tsallake manyan hafsoshi da tsofaffin 'yan siyasa, ya aika wa wani lauyan birnin Niu Yok mai suna Elihu Root, wanda ya yi suna wajen tsaya wa manyan kamfanoni a gaban alƙalai. Root ya kawo uzuri cewa shi bai san kome game da soja ba, aka mayar masa da jawabi cewa ai lauya shugaban yake nema, domin ƙasashen da aka ci suna bukatar wanda zai tsara musu dokokin mulki. Ya karɓa, ya zauna a kujerar har 1904, ya sake wa rundunar ƙasa fasali, ya koma ofishinsa na lauya, sa'an nan aka sake kiransa a 1905 aka ba shi harkokin waje. Daga kansa ne wata salsala ta faro a tarihin Amurka, ta lauyoyin da suke fita daga hidimar masu dukiya su shiga hidimar daula, idan sun gama su koma inda suka fito, ba tare da an ga wani aibu cikin fitarsu ko komawarsu ba.

Salsalar kuwa tana da isnadi kamar na malamai, kowa da wanda ya ɗauka daga gare shi. Henry Stimson a ofishin Root ya koyi aiki, ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1911, ya riƙe harkokin waje a 1929, ya sake komawa ma'aikatar yaƙi a 1940 yana tsoho. Shi kuma ya jawo John McCloy ya mai da shi mataimakinsa, wanda daga baya ya shugabanci Bankin Duniya, ya zama babban kwamishinan Amurka a Jamus ta Yamma, sa'an nan ya shugabanci bankin Chase. William Donovan, wanda ya kafa hukumar leƙen asiri ta lokacin yaƙi a 1942, lauya ne. Haka 'yan'uwan nan biyu, John Foster Dulles da Allen Dulles, daga ofishin lauyoyi guda suka fito. Sababin wannan al'ada ba ɓoyayye ba ne: Amurka ba ta gina rukunin manyan ma'aikatan gwamnati na dindindin irin na Ingila ba, kowane shugaba da mutanensa yake zuwa, saboda haka dole a sami wata taska ta mutane masu sanin doka da sanin manya, waɗanda za su iya barin aikinsu shekara uku ko huɗu su kuma tarar da kujerarsu tana jiransu.

Mutumin da nake so in ba da tarihinsa yana cikin wannan salsala, amma daga gefenta, kuma sunansa bai yi tambari kamar na waɗancan ba. Horace Rowan Gaither an haife shi a 1909 a garin Natchez na jihar Misisifi, ubansa ma'aikacin banki ne, karatunsa kuwa a Kalifoniya ya yi shi, a jami'ar Berkeley, inda ya kammala ilmin shari'a a 1933, wato a tsakiyar karayar tattalin arziki da ta durƙusar da ƙasar. Ya taɓa aiki a Washinton a hukumar ba manoma rance ta zamanin Roosevelt, sa'an nan ya koma San Faransisko ya shiga ofishin lauyoyi na Cooley. Da al'amura sun tafi yadda suka saba, da ya tsufa yana rubuta wasiyyoyi da takardun cinikin 'yan kasuwar gaɓar teku, babu mai tunawa da shi sai iyalinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya canza masa hanya. A kakar 1940 wata tawagar masanan Ingila, ƙarƙashin Henry Tizard, ta isa Amurka ɗauke da wata 'yar na'ura da aka ƙera a jami'ar Birmingham, wadda take fitar da gajerun igiyoyin rediyo masu ƙarfin gaske, abin da ake bukata domin a yi radar mai iya hango jirgin sama cikin duhu da jirgin ƙarƙashin teku sa'ad da ya ɗago. Ingila tana ƙarƙashin ruwan bom, ba ta da sukunin ƙera abin da yawa, saboda haka aka buɗe wani ɗakin bincike a makarantar fasaha ta MIT kusa da Boston, aka naɗa Lee DuBridge ya shugabance shi, aka tara masa masanan kimiyya daga jami'o'i, har ma'aikatansa suka kusa kai 4,000 kafin yaƙi ya ƙare. Wanda ya tsaya a bayan wannan aiki, Alfred Loomis, shi ma abin mamaki ne a kan kansa: lauya ne da ya fara aiki a ofishin Stimson, ɗan'uwansa na jini, ya koma harkar hannun jari ya yi arziki, ya janye dukiyarsa kafin faɗuwar kasuwa ta 1929, ya gina wa kansa ɗakin binciken kimiyya a gidansa. A wannan wuri ne Gaither ya zama mataimakin darekta, shi da bai san lissafin igiyar rediyo ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me lauya yake yi a cikin masana? Amsar tana cikin sabon tsarin da Vannevar Bush, shugaban binciken yaƙi na ƙasar, ya shigo da shi. Kafin wannan lokaci, idan soja yana son makami, ko dai ya ƙera a masana'antarsa ko ya saya a hannun kamfani. Bush ya ce a bar masana a jami'o'insu, kada a sa musu kaki, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da jami'ar ta biya kuɗin aikin, su kuma su yi bincike yadda basirarsu ta ba su. Wannan magana mai sauƙin faɗa ce, amma a ƙarƙashinta akwai mas'aloli birjik: wane ne mai haƙƙin abin da aka ƙirƙiro, wa zai ɗauki asara idan an kashe kuɗi ba a sami kome ba, yaya za a ba kamfanoni sirri su ƙera ba tare da ya fita ba, wa zai sasanta janar mai gaggawa da farfesa mai taurin kai. Duk waɗannan ba aikin masanin kimiyya ba ne, aikin mai sanin sharaɗi ne da iya zama da mutane. A nan Gaither ya gano baiwarsa, kuma a ganina ita ce kaɗai sana'ar da ya yi har ƙarshen ransa, duk da yawan kujerun da ya hau: ya samo wa mutanen da suke bukatar juna, amma ba su amince wa juna ba, wata siffa ta doka da za su zauna a cikinta.

Da yaƙi ya ƙare aka rufe ɗakin binciken, masana suka watse, abin da ya tayar da hankalin Janar Henry Arnold, shugaban sojojin sama, wanda ya ga da idonsa cewa radar da bom ɗin nukiliya daga kawunan farar hula suka fito. Sai ya ware dala miliyan 10 daga ragowar kuɗin yaƙi, ya ba kamfanin ƙera jirage na Douglas a Santa Monika ya riƙe masa wata ƙungiyar masu tunani, aka sa mata suna RAND. Rahotonta na farko, a watan Mayu 1946, a kan yiwuwar harba na'urar da za ta riƙa kewaya duniya ne, shekara goma sha ɗaya kafin kowa ya yi. Amma zaman bai yi daɗi ba. Sauran kamfanonin jirage ba za su buɗe wa ƙungiyar da take cikin gidan abokin gasarsu sirrinsu ba, Douglas kuma ya fara zargin cewa riƙon nan yana hana shi samun kwangila, domin sojoji suna gudun a ce sun yi son kai. Shugaban ƙungiyar, Franklin Collbohm, ya nemi Gaither ya raba auren.

Abin da Gaither ya tsara a 1948 shi ne kamfani wanda ba na gwamnati ba, ba na 'yan kasuwa ba, ba kuma jami'a ba: ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, ba ta da masu hannun jari, amintattu ne suke riƙe da ita, kuɗinta kuwa kusan duka daga sojojin sama yake zuwa ta hanyar kwangila. Da wannan siffa tana iya biyan albashin da ya fi na gwamnati, tana iya ganin asirin daula, kuma, a bisa ƙa'ida dai, tana iya gaya wa mai biyanta abin da ba ya so ya ji. Shi ya zama shugaban amintattun, ya kuma jawo tsofaffin abokansa na Boston, Loomis da DuBridge, suka zauna tare da shi. Ko 'yancin nan na gaskiya ne ko na takarda, wannan mas'ala ce da aka daɗe ana saɓani a kanta. Abin da ba a saɓa ba shi ne an kwaikwayi siffar sau da yawa, har ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da Amurka take tunani game da yaƙi. Sai dai sabon kamfani yana bukatar kuɗin somawa da wanda zai lamunce shi a banki, kuma neman wannan lamuni ne ya kai Gaither gaban Henry Ford na Biyu.

Gidan Ford a lokacin yana cikin wata matsala irin wadda kowa zai so ta same shi. Edsel Ford ya rasu a 1943, tsohon Henry Ford ya bi shi a 1947, kuma da an raba gadonsu kai tsaye, da harajin gado ya tilasta wa iyalin sayar da kamfanin motocin. Dabarar da lauyoyinsu suka yi tun da wuri ita ce a kasa hannun jarin kashi biyu, mai ƙuri'a ya zauna a hannun iyali, marar ƙuri'a, wanda shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, a mai da shi waƙafi a gidauniyar da aka kafa a 1936. Ta haka ƙaramar gidauniyar da take taimakon asibiti da gidan tarihi a jihar Mishigan ta wayi gari ta fi kowace gidauniya a duniya dukiya, ba ta kuwa san abin da za ta yi da ita ba. Ford ya lamunce wa RAND, sa'an nan ya roƙi lauyan da ya zo roƙonsa ya shugabanci kwamitin da zai tsara wa gidauniyar manufa. Rahoton kwamitin, wanda aka kammala a 1949, ya zaɓi fannoni biyar: zaman lafiyar duniya, ƙarfafa dimokuraɗiyya, tattalin arziki, ilmi, da nazarin halayyar ɗan'adam. Abin lura shi ne an bar likitanci da kimiyyar halitta, inda gidauniyar Rockefeller ta yi suna, aka fuskanci sha'anin jama'a da mulki, wato filin da ake fafatawa da kwaminisanci.

Daga 1953 zuwa 1956 shi da kansa ya riƙe shugabancin gidauniyar, a lokacin da wasu 'yan majalisa suke tuhumar manyan gidauniyoyi da ɗaure wa masu ra'ayin gurguzu gindi, tuhumar da take da ban dariya ga wanda ya san ko wane ne Gaither. A ƙarshen 1955, ana gab da fara sayar da hannun jarin Ford ga jama'a, gidauniyar ta raba kimanin dala miliyan 500 ga kwalejoji da asibitoci da makarantun likita a faɗin ƙasar, kyautar da ta rufe bakuna da yawa. Mu ma nan inuwar wannan tsari ta iso mu daga baya, domin gidauniyar ta buɗe ofis a Legas a 1960, kuma ita da ta Rockefeller ne suka kafa cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan a 1967.

Sunansa dai da wani abu dabam ya shiga littattafan tarihi, kuma abin takaici shi ne, shi ne aikin da hannunsa ya fi ƙaranci a ciki. A farkon 1957 hukumar kare farar hula ta kawo wa shugaba Eisenhower shawarar a kashe biliyoyin daloli wajen gina mafaka ta ƙarƙashin ƙasa saboda harin nukiliya. Eisenhower, wanda ya fi kowane shugaba na zamaninsa tsoron ɓarnar kuɗi a kan soja, bisa dalilin cewa shi ya san soja daga ciki, ya yi abin da masu mulki suka saba yi da shawarar da ba sa so: ya kafa kwamiti, ya ba Gaither. Kwamitin bai tsaya inda aka tsayar da shi ba. Ya faɗaɗa aikinsa ya haɗa da dukan tsaron ƙasa, ya kuma sha daga rijiyar RAND, musamman binciken Albert Wohlstetter, wanda ya daɗe yana nuna cewa jiragen Amurka masu ɗauke da bom suna jibge ne a 'yan sansanoni kaɗan, kuma harin ba-zata zai iya halaka su a ƙasa kafin su tashi. Ana cikin aiki rashin lafiya ta kwantar da Gaither, ragama ta koma hannun Robert Sprague, mai kamfanin kayan lantarki, da William Foster, tsohon mataimakin sakataren tsaro wanda a lokacin babba ne a wani kamfanin sinadarai, rubutun kuwa mafi yawansa ya faɗa hannun Paul Nitze, tsohon ma'aikacin bankin Dillon Read, wanda tun 1950 alƙalaminsa ya saba da zana hatsarin Rasha da baƙin tawada.

Sai ƙaddara ta taimaki masu tsoratarwa. A watan Agusta Tarayyar Sobiyet ta gwada makami mai linzami mai ƙetare nahiya, ranar 4 ga Oktoba kuma ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, jama'ar Amurka suka ɗaga kai sama cikin firgici. Ranar 7 ga Nuwamba aka gabatar da rahoton a gaban majalisar tsaron ƙasa. Ya ce Rasha tana gab da shiga gaban Amurka a makamai masu linzami, ya nemi a ƙara kimanin dala biliyan 44 cikin shekara biyar, biliyan 19 a kan makamai da warwatsa jirage da na'urorin gargaɗi, biliyan 25 a kan mafakar da za ta kare mutane daga ƙurar nukiliya, alhali kasafin tsaro na shekara duka a lokacin wajen biliyan 38 ne. Eisenhower ya saurara, ya karɓi wasu shawarwarin, kamar hanzarta makamai masu linzami da rarraba jirage, ya ƙi maganar mafaka, John Foster Dulles kuwa ya goya masa baya da hujjar cewa idan Amurka ta haƙa wa kanta ramuka ta bar ƙawayenta na Turai a fili, ƙawancen ya mutu. Akwai kuma abin da shugaban ya riƙe a ransa: tun Yulin 1956 jiragen leƙen asiri na U-2 suke ratsa samaniyar Rasha suna ɗauko hotuna, kuma hotunan ba su nuna dazuzzukan makaman da ake faɗa ba. Ba shi da ikon bayyana wannan hujja ba tare da ya tona asirin jiragen ba, saboda haka ya haɗiye zargin sakaci ya yi shiru.

Waɗanda aka ƙi shawararsu ba su yi shiru ba. Ranar 20 ga Disamba jaridar Washington Post ta buga gundarin rahoton na sirri ta alƙalamin Chalmers Roberts, daga nan maganar ratar makamai ta zama sandar dukan gwamnati, har John Kennedy ya hau ta ya yi yaƙin zaɓen 1960. Da ya ci, hotunan tauraron leƙen asiri na Corona, waɗanda suka fara isowa tun Agustan 1960, suka tabbatar da cewa rata akwai ta, amma Amurka ce a gaba, kuma makaman Rasha masu ƙetare nahiya 'yan ƙalilan ne. Wanda aka tura ya faɗi haka a bainar jama'a a Oktoban 1961, Roswell Gilpatric, mataimakin sakataren tsaro, shi ma lauyan Niu Yok ne daga wannan salsala. Rahoton kansa ba a buɗe shi ga jama'a ba sai 1973.

Ba na cikin masu cewa mutanen kwamitin nan ƙarya suka shirya domin su ci riba, gama shaidun da suke akwai sun fi nuna cewa tsoronsu na gaskiya ne, har wasunsu suka fita daga aikin da baƙin cikin da bai rabu da su ba. Amma shari'a ba ta jiran a tabbatar da mugun nufi kafin ta ƙi shaidar mai jawo wa kansa amfani. Tuhuma kaɗai ta isa, kuma hikimar wannan hukunci ita ce mutum yakan gaskata abin da zai amfane shi tun kafin ya san ya gaskata. Majalisar da ta ƙunshi masu kamfanonin lantarki da sinadarai, da masanan da binciken soja yake ciyar da ɗakunan gwajinsu, da ma'aikatan bankin da suke sayar da hannun jarin waɗannan kamfanoni, idan aka tambaye ta ko a ƙara kuɗin makamai, da wuya ta yi ijma'i a kan a'a. Eisenhower ya fahimci wannan, kuma a jawabinsa na ban kwana, ranar 17 ga Janairu 1961, ya gargaɗi jama'arsa game da haɗin gwiwar soja da masana'antu, ya ƙara da wani gargaɗin da ba a cika tunawa da shi ba, cewa manufofin ƙasa suna iya zama fursuna a hannun wani rukuni na masana kimiyya da fasaha. Duk wanda ya karanta tarihin 1957 zai gane fuskokin da suke gabansa sa'ad da yake wannan magana.

Gaither ya ɗan farfaɗo, ya koma Kalifoniya, kuma a 1959 ya shiga aikinsa na ƙarshe. Ba baƙo ba ne ga harkar zuba kuɗi a sabuwar ƙira, domin tun farkon shekarun 1950 yana cikin waɗanda suka tsaya wa Ernest Lawrence, masanin nukiliya na Berkeley, wajen kafa kamfanin da zai sayar da wata ƙirar talabijin mai launi, aikin da ya ci kuɗi bai kai kasuwa yadda aka so ba. Wannan karon ya haɗu da janar biyu masu ritaya. William Draper tsohon ma'aikacin Dillon Read ne, wanda ya kula da tattalin arzikin Jamus bayan an ci ta, ya zama mataimakin sakataren sojan ƙasa, ya wakilci Amurka a Turai. Frederick Anderson kuwa shi ya jagoranci rundunar jiragen Amurka masu jefa bom daga Ingila a lokacin yaƙi. Suka buɗe ofis a Palo Alto, gefen jami'ar Stanford, da jarin dala miliyan 6, iyalin Rockefeller suna cikin masu zubawa, suka kira kamfanin da sunayensu uku. Shi ake lissafawa a matsayin kamfanin jarin kasada na farko a yammacin Amurka, wato kamfanin da sana'arsa ita ce sayen rabo a cikin jaririn kamfani wanda ba shi da kome sai dabara, da sanin cewa mafi yawan irinsu za su mutu, da fatan ɗaya zai biya asarar sauran.

Sana'ar ba su suka fara ta ba. Tun 1946 Georges Doriot, shi ma janar ne na lokacin yaƙi, yake tafiyar da irin wannan kamfani a Boston, kuma dala 70,000 da ya zuba a kamfanin kwamfuta na Digital Equipment a 1957 ta haifi ɗaruruwan miliyoyi. Amma kamfanin Doriot na kasuwar hannun jari ne, hukuma tana sa masa ido, dokoki kuma sun ɗaure masa hannu wajen ba ma'aikatansa rabo mai tsoka, shi ya sa haziƙansa suka riƙa barinsa. Abin da kamfanin su Gaither ya shigo da shi cikin sana'ar shi ne wata tsohuwar siffa ta doka, tarayya mai iyakantaccen alhaki, wadda jihar Niu Yok ta aro daga dokar Faransa tun 1822. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala, littafin fiƙihun Malikawa, zai gane ta nan take, domin 'yar'uwar ƙiradi ce, kuma ita ce mu'amalar da attajirin Kano yake yi sa'ad da ya ba yaronsa jari ya tafi Gwanja sayen goro: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi sharaɗi, mai dukiya ba ya sa hannu cikin gudanarwa, kuma asararsa ba ta wuce abin da ya bayar. Bambancin da yake akwai ma abin lura ne. Malikawa ba su yarda a yanka wa ƙiradi ajali ba, su kuwa waɗannan da ajali suke ƙulla tasu, yawanci shekara goma a yanzu, sa'an nan a warware a raba. Kuma inda fiƙihu ya yarje wa ma'aikaci ci da tufafi daga dukiyar idan ya yi tafiya, su lada suke yanka wa kansu kowace shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Ga kuma fa'idar haraji, a zamanin da mafi girman harajin albashi ya kai kashi 91 cikin ɗari, na ribar sayar da kadara kuwa bai wuce 25 ba, tarayya kuma ba a karɓar haraji a kanta sai a kan kowane abokin tarayya.

Zaɓen Palo Alto ma ba dace ba ne. Labarin da ake yawan bayarwa game da kwarin da Palo Alto yake ciki shi ne na samari masu ƙira a garejin gidan iyayensu, amma kwarin da janar biyu da lauya suka sauka a cikinsa kuɗin soja ne yake shayar da shi. Frederick Terman, wanda ya gina sashen injiniya na Stanford, ya shafe yaƙi yana shugabantar ɗakin binciken dagula radar ɗin abokan gaba a Harvard, ya dawo da sanin ƙofofin da kwangila take fitowa. Kamfanin Lockheed ya kawo sashensa na makamai masu linzami Sunnyvale a 1956. Kamfanin Fairchild, wanda aka kafa a 1957, manyan masu sayen taransistocinsa na farko masu ƙera jiragen yaƙi ne da makamin Minuteman. Wato tsoron da rahoton 1957 ya hura shi ne ya buɗe bakin aljihun gwamnati, kuɗin ya gangaro wannan kwari, mutumin da rahoton yake ɗauke da sunansa kuma yana zaune a bakin magangara da jarin Rockefeller a hannunsa.

Bai ga amfanin shukar ba. Ciwon daji ya ɗauke shi a watan Afrilu 1961 yana da shekara 51, wata uku bayan jawabin Eisenhower. Kamfanin bai yi abin a zo a gani ba, bai kuma kai shekara goma ba ya watse, amma siffarsa ta rayu: Arthur Rock da Thomas Davis suka kafa tasu tarayyar a 1961, wani mataimakin Doriot ya bar shi ya kafa Greylock a 1965 bisa wannan tsari, kuma bayan da aka sassauta doka a 1979 aka yarje wa asusun fansho ya zuba kuɗi a irin wannan kasada, siffar ta mamaye sana'ar baki ɗaya. Ɗan Janar Draper, wanda ya koyi aiki a ofishin, ya fita a 1962 ya kafa nasa, daga baya ya bi hanyar ta ɗaya gefen, ya shugabanci bankin gwamnati na tallafa wa fitar da kaya a 1981, sa'an nan hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1986. Ofishin lauyoyi na Cooley kuwa, wanda ya rubuta takardun kamfanin su Gaither, ya zama ɗaya daga cikin manyan ofisoshin da suke rubuta wa sababbin kamfanonin kwarin takardunsu.

A 1999 hukumar leƙen asiri ta CIA, ƙarƙashin George Tenet, ta ga cewa sabuwar fasaha ta daina fitowa daga ɗakunan gwamnati ta koma hannun ƙananan kamfanonin da ba su san hanyar Washinton ba, sai ta kafa nata kamfanin jarin kasada, In-Q-Tel. Siffar da aka ba shi ita ce ta RAND: ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, amintattu suna riƙe da ita, kuɗinta daga baitulmali. Cikin kamfanonin da ya zuba wa kuɗi a 2003 akwai wani ƙarami mai suna Keyhole, mai haɗa hotunan tauraron ɗan'adam su zama taswirar da ake juyawa a kwamfuta. Google ya saye shi a 2004, ya fito da shi a shekara mai zuwa da sunan Google Earth.